Ƙananan Kajinmu a Gidan Haya

Gidan hayar da muke zaune a Zangon Kumasi ɗaki goma sha biyu ne, tsakar gida ɗaya. Ba wurin ɗaure tunkiya. Shi ya sa muka sayi ƙananan kajin nan da ake ce wa bantam, mata huɗu da zakara ɗaya, muka haɗa musu akurki a bayan madafa.

Kaɗan suka ɗara tattabara. Ƙwansu ma ƙanana ne, sai an fasa uku ake samun kwatankwacin biyu na kajin gona. Amma ba su da ci, dusar masara da ragowar tuwo sun ishe su. Yawanci mukan tsinci biyu a rana, da su yara ke karyawa kafin makaranta.

Zakaran ne ya jawo mana magana. Ɗan mitsitsi, amma tun kafin assalatu yake cara. Maƙwabcinmu direba ne, sai tsakar dare yake dawowa. Ya kai ƙara, mai gida ya ce, "Malam, ko kaji ko ɗaki." Mun ji zafi, amma direban yana da gaskiya.

Wata tsohuwa a gidan ce ta fitar da mu. Ta ce, "Ɗana, kaza tana ƙwai ko ba zakara, ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba." Ran Juma'a muka yanka shi, muka aika wa direba romo.

Yanzu ɗaya ta hau kwanci, mun sa mata ƙwan zabi biyar daga Bolgatanga. Sati huɗu suke ɗauka. Direba bai sani ba tukuna.