Kangon Dunnottar da amanar da aka binne a ƙasa

A gabar tekun arewa maso gabashin Sikotland, kusa da garin Stonehaven, akwai wani dutse da ya kutsa cikin ruwa, tsayinsa wajen mita 50, teku na dukansa ta fuska uku. A bisansa kangon fadar Dunnottar yake tsaye, ba rufi, ba ƙyaure, sai tsuntsayen teku da masu yawon buɗe ido. Mu da aikinmu shi ne tsare takardun manya da ajiyar kayan sarauta, tarihin wannan kango ya daɗe yana jan hankalinmu.

Zuri'ar Keith ce ta gina hasumiyarsa a ƙarshen ƙarni na 14, kuma ita ta riƙe shi fiye da shekara 300. Babbar jarrabawarsa ta zo ne a 1651, bayan an naɗa Sarki Charles na Biyu a Scone. Rundunar Oliver Cromwell ta mamaye ƙasar, aka ji tsoron kada kambin sarauta da takobi da sandar mulki su faɗa hannunta, domin tuni aka narkar da na Ingila. Sai aka kai su Dunnottar, aka damƙa wa George Ogilvie da 'yan dakarunsa ƙalilan.

Wata takwas ana kewaye da su. Da aka jawo manyan igwa, Ogilvie ya miƙa wuya a watan Mayu na 1652. Abokan gaba suka shiga, suka bincike ko'ina, ba su sami kome ba. Ashe Christian Granger, matar limamin cocin ƙauyen Kinneff, ta riga ta fitar da kayan. Wata riwaya ta ce cikin buhunan kaya ta wuce da su, wata kuma ta ce zuro su aka yi bakin ruwa aka rufe da ciyawar teku a kwando. Ita da mijinta suka binne su ƙarƙashin daɓen coci, suna tonowa lokaci lokaci don kada danshi ya ɓata su, har 1660 da sarauta ta dawo. Aka tsare Ogilvie da matarsa, aka matsa musu, bakinsu bai buɗe ba.

Sai dai katangar da ta yi wannan abin yabo ta ga zalunci ma. A 1685 an cusa mutum 167, maza 122 da mata 45, cikin wani ɗakin ƙasa, saboda sun ƙi yarda sarki ya zama shugaban addininsu. Wasu suka mutu a ciki, wasu suka faɗo daga dutsen garin gudu, da yawa aka tura su Amurka ta jirgin ruwa.

Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Magajin gidan Keith ya shiga tawayen 1715, aka ci su da yaƙi, aka ƙwace dukiyarsa. Kamfanin da ya sayi fadar ya kwashe rufi da katako da dalma ya sayar. Abin da igwar Cromwell ta bari, 'yan kasuwa suka ƙarasa, sai a 1925 aka soma gyara don kada sauran ya zube.

Kambin nan da takobin da sandar suna nan a fadar Edinbara har yau, mutane na zuwa kallo. Katanga mai kauri ta kasa kare su, mutanen ƙauye masu riƙon amana suka tsirar da su.

Wannan shi ne abin da muke so 'yan'uwa mazauna zango su duba. Jerin sunayen sarakunanmu, da wasiƙun ajami na kakanni, da takardun filaye, yawancinsu suna cikin akwati guda a ɗakin wani dattijo, gara da damina na jiran su. Duk gidan da ke da irin wannan ajiya, a sa yara masu waya su ɗauki hoton kowane shafi, a kwafa, a raba wa amintattu biyu ko uku tun mai akwatin yana da rai, yana iya faɗin ko wace takarda ce. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.