Yamma a Kan Madatsar Tiga

Dab da magariba na zauna a kan madatsar Tiga, ruwa kwance kamar mai barci. Tun 1974 tarin ƙasar nan ke riƙe da kogin Kano, mu na gangare muna ta noman rani, mun manta da ita.

Madatsar ƙasa a ɓoye take tsufa. Ramin gafiya, gidan gara, saiwar bishiya, ta nan ruwa ke laluben hanya. In yoyon gindinta ya fito da laka, cikinta ake ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau a 2024. Na daɗe ina duban garuruwan da ke ƙasa, an fara kunna fitilu.