Daga Anka Zuwa Gummi: Kalmomi Uku a Bakin Kiristocin Yammacin Zamfara

Hanyar da ta ratsa yammacin Jihar Zamfara tana rabuwa da babban titin Gusau zuwa Sakkwato ne a mararrabar Mayanchi, daga nan ta nufi Anka, ta keta ƙasar Bukkuyum, ta isa Daki Takwas, inda reshe ɗaya ya gangara kudu zuwa Zuru ta Jihar Kebbi, ɗayan kuma ya zarce Gummi. Marubucin wannan bayani ya bi ta a kakar 2024 cikin motar haya, a lokacin da direbobi ba sa barin tasha sai hantsi ya dubi ludayi, ba kuma sa yarda la'asar sakaliya ta riske su a daji, saboda 'yan bindiga. Abin da ya fitar da shi shi ne son jin yadda Kiristocin yankin, waɗanda 'yan tsiraru ne, suke fahimtar kalmomi uku da ba sa rabuwa da wa'azinsu, wato tawali'u da bege da alheri, a ƙasar da wahala ta daɗe da zama 'yar gida.

Mafi yawan Kiristocin waɗannan garuruwa aiki ko fatauci ne ya kawo su: malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da jami'an tsaro, da 'yan kasuwa daga kudu, sai kuma mutanen ƙasar Zuru waɗanda suka fi kowa kusanci da wurin. Katolikan cikinsu suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011, sauran kuma sun rarrabu a ɗariƙu irin su ECWA da Angilikan. Suna zaune ne a jihar da aka ƙirƙira a 1996, wadda kuma ta riga kowace jiha faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a farkon shekarar 2000, don haka sun saba da yin ibada ba tare da ɗaga murya ba. Da yake Hausa ce ta haɗa Badakkaren Zuru da mutumin kudancin Kaduna da na Filato, da ita ake yawancin sujada, kuma kalmomin da suke roƙon Allah da su su ne maƙwabtansu Musulmi suke roƙonsa da su.

A Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, matafiyin ya halarci sujadar Lahadi a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano, wadda bencinta bai cika ba domin wasu iyalai sun tura mata da yara gida. Mai bishara, wato wanda yake kula da ikilisiya alhali ba a naɗa shi fasto ba, ya yi magana a kan tawali'u, ya kafa hujja da labarin Yesu da ya wanke ƙafafun almajiransa, ya bayyana cewa tawali'u a koyarwar Kirista sauka ce da mai iko yake yi da son ransa domin ya yi wa na ƙasa hidima. Nan ne wahalar wa'azin take, kuma ga alama shi ma ya san da ita, domin mutanen da ke gabansa ba su da wani tsani da za su sauko daga kansa. Wanda yake biyan harajin 'yan bindiga kafin ya girbe gonar da ya noma da guminsa ba tawali'u yake yi ba, ƙasƙanci aka ɗora masa, kuma mai wa'azin da ya kasa raba waɗannan biyun zai wayi gari yana yi wa azzalumi aiki ba da saninsa ba. Wannan mai bishara ya raba su. Ya ce wa jama'arsa tawali'unsu shi ne kada su ɗauka kukansu ya fi na kowa, domin yawancin waɗanda aka kashe ko aka raba da ƙauyukansu a yankin Musulmi ne, kuma 'yan gudun hijirar da suka cika garin ba sa bukatar a tambaye su addininsu kafin a miƙa musu ruwa.

Ba a iya maganar bege a ƙasar Anka ba tare da an tuna da gubar dalma ba. A farkon 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, kuma bincike ya nuna cewa duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo duwatsun cikin gida, a daka su a turmi ko a niƙa su da injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baka, har aka rasa yara kimanin 400. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa cutar, saboda haka dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe, an zuba sabuwa, kafin a fara jinya. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin wannan aiki ya fito daga Gwamnatin Tarayya.

Kalmar bege kanta tana da tarihi. A bakin Bahaushe Musulmi bege shauƙi ne, musamman shauƙin Manzon Allah, amma tun daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 Kiristoci suka ɗauke ta da ma'anar dogaro ga alkawarin da bai riga ya cika ba, ko da yake fassarar da ta biyo baya ta fi son cewa sa zuciya. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar zumuntar mata, wadda ta ga zamanin gubar dalma, ta bayyana wa matafiyin cewa ita ba ta taɓa gane bambancin bege da buri ba sai da ta ga magidanta suna kankare tsakar gidajensu da shebur, alhali wasunsu sun riga sun binne 'ya'ya biyu ko uku, suna yi domin waɗanda suka rage da waɗanda ba a haifa ba. Mai buri yana zaune yana jira, in ji ta, mai bege kuwa yana jira da shebur a hannu.

Ƙasar Bukkuyum ratsa ta kawai aka yi, domin direba ya ƙi tsayawa. Ta taga ana ganin dawa ta nuna a gonakin bakin titi, na nesa kuwa ciyawa ta cinye su, kuma fasinjoji suka yi tsit a daidai inda wani ya ambaci harin watan Janairun 2022, wanda aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna suka ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnatin jiha kuma ta ce 58.

Gummi ta karɓi baƙonta da alamun ambaliyar watan Agustan 2024, wadda ta rusa gidajen ƙasa masu yawa, har tabon ruwa yana nan a jikin katangun da suka tsira. A nan ne kalma ta uku ta fito, a taron addu'ar yamma da aka yi a zauren wani tela saboda ba a son fita bayan magariba. Alheri a Hausar yau da kullum kyauta ce ko kyautatawa, a tauhidin Kirista kuwa tagomashi ne da Allah yake yi wa mutum ba don ya cancanta ba, kuma wannan ma'ana ce ta hana mahalarta taron cewa gidansu ya tsaya ne saboda sun fi wani kirki. Da wani saurayi ya fara godiya da irin wannan lafazi, wata dattijuwa ta katse shi a hankali ta ce, "Ɗana, gidan Liman ya faɗi, na mai sayar da giya ya tsaya, kai kuma wane ne?" Saurayin ya ce, "Gaskiya ne, Mama," ya sake addu'ar daga farko.

Ita wannan dattijuwa ɗakinta ya faɗi, kuma makonni ta yi tana kwana a gidan maƙwabciyarta Musulma, wadda take tashinta da asuba idan za ta yi alwala domin ita ma ta yi addu'ar safe. Baikon da aka tara a taron, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba, aka ƙulle shi a leda aka rubuta a littafi, aka amince a sayi gero da shi a raba wa gidaje huɗu, biyu daga cikinsu ba na 'yan ikilisiya ba ne. Washegari matafiyin ya isa tasha da wuri, ya tarar motar Gusau ta cika amma direba bai tayar ba, yana jiran motar farko daga Daki Takwas ta iso ta faɗi halin da hanya take ciki.