Coniston: Tafkin da ba a gudu a kansa sai mako guda a shekara

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki mai tsaunuka da tafkuna da ake kira Lake District. Ɗaya daga cikin tafkunan shi ne Coniston, siriri mai tsawon kimanin kilomita 8, faɗinsa bai kai kilomita guda ba, zurfinsa kuwa ya kai mita 56 a wani wurin. A gefensa akwai ƙauye mai wannan sunan, gidajen dutse a gindin wani tsauni da suke kira Old Man of Coniston. Idan ka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Windermere, sai ka hau bas da ke bi ta Ambleside, hanya tana ta murɗawa tsakanin katangun dutse da tumaki har ka iso.

Wanda bai san labarin wurin ba zai ɗauka nan ne inda tsofaffi ke zuwa shan iska kawai. Doka ta hana kowane jirgin ruwa wuce gudun mil 10 a awa, wato kilomita 16, gudun da ɗan makaranta zai yi a kan kekensa ba tare da ya yi gumi ba. Fitaccen jirgin da ke yawo da baƙi ma, mai suna Gondola, da tururi yake aiki, kuma asalinsa tun 1859 ne. Amma sau ɗaya a shekara, wajen farkon Nuwamba, sai a ɗage dokar na mako guda, masu jiragen gudu su hallara domin kafa tarihi. A tafkin Windermere aka fara wannan taro a 1970, sai aka dawo da shi Coniston a 2005, shekarar da dokar taƙaita gudu ta fara aiki a can. A irin wannan makon ne muka je, ni da abokan karatuna biyu, cikin sanyin da ya sa harmattan ɗinmu na gida ya zama abin wasa.

Ba tsere ake yi ba, kuma wannan ya ɗan rage wa abokaina armashi. Jirgi ɗaya ne ke fita a lokaci guda. Akwai kilomita ɗaya da aka auna a tsakiyar tafkin, matuƙi zai ratsa ta, ya juyo ya sake ratsawa, sai a haɗa gudun zuwa da na dawowa a raba biyu, don kada iska ta taimaki wani. Kowane jirgi da ajinsa gwargwadon girman inji da siffar jiki. Da yawansu ba wasu dodanni ba ne, jiragen shaƙatawa ne irin waɗanda iyali ke fita da su ranar hutu, da inji maƙale a baya kamar na kwale-kwalen fito a kogin Neja. Mai jirgi zai shafe watanni yana gyara don ya ƙara kilomita biyu ko uku a awa.

Ta yaya ake ƙara wa irin wannan jirgi gudu? Yawancinmu za mu ce a sayo babban inji. Wani dattijo da na tarar yana goge farfela a bakin ruwa ya nuna mini cewa wannan ce hanya mafi tsada, kuma sau da yawa ba ita ce ta farko ba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka babban abokin gabar jirgi shi ne ruwan da yake taɓawa. Jirgin dakon kaya yana ture ruwa da ƙirji ne. Jirgin gudu kuwa, da ya kai wani mataki sai ya ɗago ya riƙa sulɓi a kan fuskar ruwan, kamar faffaɗan dutsen da yaro ya wulla a kududdufi. Duk dabarar ita ce a rage yawan jikin da ke cikin ruwa.

Shi ya sa suke fara cire kaya. Kujerar da ba a buƙata, ruwan da ya taru a ƙasa, har man fetur ba a cika tanki, tun da lita 100 ta kai kusan kilo 75. Sai a kankare ƙarƙashin jirgin, domin gansakuka kaɗan ma tana cin gudu.

Farfela ce inda aka fi yin dogon lissafi. Kowace farfela tana da lamba da ke nuna inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya, kamar yadda sukuru ke shiga katako. Mai lamba 21 ta fi mai lamba 19 tsawon taku, kamar ka sa babur a giya ta sama. Sai dai duk inci ɗaya da ka ƙara, juyin inji zai ragu da kimanin 200 a minti, kuma idan ka wuce ƙarfin injin, gudu zai ragu maimakon ya ƙaru, ga wahalar da inji. Farfelar ƙarfe mara tsatsa ta fi ta alminiyam, domin fikafikanta sirara ne kuma ba sa lanƙwasa. Ana kuma ɗaga injin sama kaɗan don ƙafarsa ta rage jan ruwa, amma idan ya yi sama da yawa farfela za ta kama iska, ramukan da ke zuƙo ruwan sanyaya inji su fito waje, inji ya ƙone. Akwai kuma maɓallin karkata inji, wanda ke ɗaga hancin jirgi. A ɗan taɓa shi, gudu ya ƙaru. A zarce, jirgi ya fara tsalle-tsalle, ko ya riƙa rangaji hagu da dama. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kusan duk matakin da ke ƙara gudu yana rage riƙon da ruwa ya yi wa jirgin.

Mutanen Coniston sun san ƙarshen wannan lissafi. A watan Agustan 1939 Malcolm Campbell ya kafa tarihin duniya a wannan tafki da gudun kilomita 228 a awa. Ɗansa Donald ya gaje shi da jirgi mai injin jet da ake kira Bluebird K7, wanda idan ya ɗauki gudu wurare uku ne kacal na jikinsa ke taɓa ruwa. Sau bakwai ya kafa tarihi tsakanin 1955 da 1964, huɗu daga ciki a nan Coniston, na ƙarshen kuwa a Ostareliya da kilomita 444 a awa. A 1964 ɗin ya riƙe kambun gudu a tudu da na ruwa duka, abin da babu wanda ya sake yi a shekara guda.

Ranar 4 ga Janairu, 1967 ya fito da niyyar haura mil 300 a awa, kusan kilomita 483. A zuwa ya yi mil 297.6. Bai tsaya shan mai ba, ya juyo nan take. A dawowa yana gudun da ya wuce mil 300 sai hancin jirgin ya ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashi, jirgin ya tashi sama ya wuntsula ya faɗo ya tarwatse. Yana da shekara 45. Har yau ana musu kan dalilin, wasu na cewa igiyar ruwan da ya tayar a zuwa ce, wasu na cewa injin ne ya ɗauke. Ƴar tsanar da yake tafiya da ita ta taso saman ruwa, shi kuwa sai a 2001 aka gano gawarsa, bayan masu ninƙaya sun tsamo jirgin.

An sake gina K7, an gwada shi a wani tafki a Sukotland a 2018, kuma tun watan Maris na 2024 yana ajiye a gidan tarihi na Ruskin da ke cikin ƙauyen. Shuɗi ne, ya fi ƙanƙanta a ido fiye da yadda hotuna ke nunawa, wurin zaman matuƙin kuwa da ƙyar zai ɗauki mutum ɗaya. Na daɗe ina kallonsa fiye da abokaina, waɗanda yunwa ta kora waje.

Kambun duniya a yau yana hannun Ken Warby na Ostareliya, wanda ya yi kilomita 511 a awa a 1978 da jirgin katako da ya ƙera a bayan gidansa. Mutum biyu da suka yi yunƙurin karɓe shi, Lee Taylor a 1980 da Craig Arfons a 1989, duk sun rasa rayukansu. Kabarin Donald Campbell yana maƙabartar ƙauyen, tafiyar ƴan mintoci daga gidan tarihin, an zana shuɗin tsuntsu a jikin dutsen. Daga nan ana jin kukan injinan da ke gwaji a tafki.