Magatakardan Madarunfa da Doguwar Hanyar Zama Lauya

Wanda ya taso daga Katsina ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ba zai ji baƙunta a Madarunfa ba. Hausar ɗaya ce, dangin ma ɗaya ne. Yawancin baƙi tafki ke kawo su, ko ziyarar kaburburan waliyyai 99. Ni kuwa harabar kotun garin ce ta riƙe ni.

Ƙaramar kotu ce, babbarta tana Maradi. Abin da ke kawo mutane bai wuce iyakar gona a fadamar gulbi ba, da rabon gado, da rikicin aure, da ɓarnar shanu. A irin waɗannan shari'u alƙali kan zauna da masana al'ada, bayan sulhun mai gari ko sarki ya gagara. Magana da Hausa ake yinta, amma takarda da Faransanci ake rubuta ta. Lauya kuwa ganinsa sai an dace, domin mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, tafiyar fiye da kilomita 600. Saboda haka talaka wurin magatakarda yake nufa, shi zai gaya masa takardar da ta rage da ranar da zai dawo.

Na tambayi wani dattijo da ya tsufa a wannan aiki, na ce, "Malam, da wannan sani naka, me ya hana ka sa baƙar rigar lauya?" Ya ce, "Alhaji, ƙofar ba nan take ba, tana Yamai."

Gaskiya ya faɗa. Tun 2014 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suka daidaita ƙa'idar aikin lauya. Sai mutum ya yi digiri na biyu a fannin shari'a, ya ci jarrabawar zama lauya ta CAPA, ya yi rantsuwa, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki a ofishin wani lauya. A jami'o'in gwamnati, ilimin shari'a a ta Abdu Mumuni ta Yamai ake samunsa, ko a ta Tawa. Magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda albashinsa ke ciyar da gida, yaya zai ajiye aiki ya koma aji, daga nan kuma ya koma yaron ofishin wanda ya girma? An yi wa tsofaffin alƙalai da manyan farfesoshin shari'a sassauci, magatakarda kuwa daga tushe zai faro.

Mu ma a Najeriya haka abin yake, rajistaran kotu ba ya zama barista sai ya bi ta jami'a da makarantar lauyoyi, irin ta Bagauda. Ingila ce ta buɗe wata hanya, inda ma'aikacin ofishin lauya ke karatu yana kan aiki a ƙarƙashin ƙungiyar CILEX har ya sami matsayi na kansa, ko da yake zama barista can ma yana da nasa sharuɗɗa.

Ban ce a rage nauyin jarrabawa ba, domin ran mutum da gonarsa ba abin wasa ba ne. A 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa hali a kotu, amma hakan bai kawo lauyoyi karkara ba. Roƙona ga ma'aikatar shari'a da ƙungiyar lauyoyin Nijar shi ne a kawo karatun shari'a na yamma Maradi, a kuma lissafa wa magatakarda shekarun da ya yi a kotu cikin lokacin koyon aiki. Wanda ya gina gidansa a Madarunfa, idan ya zama lauya, a Madarunfa zai zauna.