Martha da ciwon da ba a faɗi sunansa ba

A cikin littattafan Turanci da na karanta bana, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Sorrow and Bliss na Meg Mason, marubuciyar da ke zaune a Ostireliya. Ya fito a 2020, kuma a 2022 ya shiga jerin littattafai 6 na ƙarshe a gasar Women's Prize for Fiction ta Birtaniya. Ma'anar sunansa baƙin ciki da farin ciki, kuma sau da yawa duka biyun a shafi ɗaya za ka same su.

Martha, wadda ke ba da labarin da bakinta, 'yar Landan ce mai shekara 40. Tun tana 17 wani ciwon ƙwaƙwalwa ya kama ta. Sai ta kwashe kwanaki a ɗaka ba ta iya komai, wani lokacin kuma fushi ya taso mata babu gaira babu dalili. Likitoci sun yi ta sauya mata magani shekara da shekaru. Mijinta Patrick, wanda shi ma likita ne kuma yake son ta tun suna yara, ya haƙura har ya gaji, ya bar gidan jim kaɗan bayan bikin cikarta shekara 40.

Wanda ya ji haka zai ce littafin kuka ne. Amma na yi dariya har cikina ya ƙulle. Martha tana da baki kamar reza. Ba ta bar mahaifinta ba, mawaƙin da kullum yake gab da fitar da littafinsa. Ba ta bar mahaifiyarta ba. Ba ta bar kanta ba. Idan kuwa suka haɗu da ƙanwarta Ingrid, zolayarsu irin ta 'yan ɗaki ɗaya ce, wadda ke tuna mini da ni da yayata idan muna wanke-wanke. Martha ce ke riƙe da barkwancin, mai karatu yana bin ta ne kawai, don haka dariyar ba ta rage mata mutunci.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ranar da wani likita ya gano ciwon, marubuciyar ba ta rubuta sunansa ba. Layi kawai ta ja a gurbinsa. Ba ka da lakabin da za ka liƙa wa Martha, dole ka dube ta a matsayin mutum. Mu kuwa kalma ɗaya muke da ita a baki, "mahaukaci", sai mu hango mai yawo a bola yara na bin sa. Martha tana aiki, tana rubutu a mujalla, tana sa mutane dariya, ciwon kuma yana cin ta. Tun daga nan na fara lura da wata 'yar ajinmu da ta fi kowa raha, amma takan yi mako guda ba ta ce wa kowa uffan ba.

Littafin bai wanke Martha tas ba. Samun sunan ciwon bai goge maganganun da ta yaɓa wa Patrick ba, kuma 'yan gidansu sun nuna mata cewa su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Mara lafiya yana bukatar tausayi, mai jinya ma haka.

'Yan uwana ɗalibai, littafin ya fi dacewa da 'yan SS2 da SS3, don akwai zancen aure da na manya a ciki. Ku ajiye ƙamus kusa. Marubuciyar da kanta ta bayyana cewa alamomin ciwon ƙirƙira ce, don haka kada a auna kai da su. Wanda ya ji damuwa ta yi masa nauyi, ya faɗa wa iyayensa ko malamin da ya amince da shi, a kai shi ga likita.