Kofin da na kusa turewa a Suwidin

1/ Jama'a ku matso, yau labarin kofi ɗaya ne da ya kusa raba ni da maƙwabciyata. Disambata ta farko ce a Uppsala, ƙasar Suwidin.

2/ Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Kafin ƙarfe 3 na yamma rana ta faɗi, magariba ta yi. Na yi sati uku ban yi hira da kowa ba, sai gaisuwa a bakin ƙofa. Kewar gida kam ba a magana.

3/ Wata tsohuwa, sa'ar kakata, ta gayyace ni cin abincin Kirsimeti. Ta san ba na cin alade, ta gasa min kifi daban. Ina zama ta tsiyayo min wani abu baƙi wuluk, kumfa na tashi.

4/ Gabana ya faɗi. Na san a wannan lokacin ake shan julöl, giyar Kirsimeti mai duhu. In sha, na saɓa wa Allah. In ture, na kunyata matar da ta wuni a kicin saboda ni.

5/ Na dai daure na ce, "Mama, wannan giya ce?" Ta tuntsire da dariya, ta juyo min kwalbar. Julmust ne, lemo ne kawai, babu barasa.

6/ Ashe tun 1910 wani Harry Roberts da mahaifinsa suka fito da shi, don wanda ba ya shan giya ma ya samu abin ɗagawa a teburin biki. Ana sa masa ɗanɗanon tsiron sha'ir da furen hops, furen da ke ba giya ɗaci.

7/ Kurɓar farko, kamar an ɗaura wa Coca-Cola aure da Maltina. Zaƙi ya fara zuwa, sai ƙamshin kayan yaji, can ƙarshe ɗan ɗaci ya tsaya a maƙogwaro. Wallahi kofi uku na sha.

8/ Ana gama biki ya ɓace a kantuna. Da Ista ya dawo da sabon suna, påskmust.

9/ Daren nan mun kai ƙarfe 11 muna hira, ta nuna min hotunan mijinta da ya rasu. Ashe ita ma kaɗaicin ke cinta. Da na ture kofin nan na yi shiru, da ban taɓa sani ba. Matambayi dai ba ya ɓata.

10/ 'Yan uwa na ƙasar waje, wane abu aka taɓa miƙo muku kuka rasa yadda za ku yi?